Wa Ya Biya Kuɗin Cizon Farko?

Ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya, kare ya ciji wani yaro ɗan shekara tara a lungunmu. Yaron yana dawowa daga Islamiyya ne, jakarsa a rataye, ya bi ta ƙofar wani gida mai doguwar katanga, aka yi rashin sa'a maigadi ya buɗe ƙofa don mota ta shiga. Karen ya fito a guje, ya kama shi a sha-raɓa, bai sake shi ba sai da aka yi masa rotse da dutse. Uwar yaron bazawara ce mai suyar ƙosai a bakin titi. Da magariba ta yi sallama gidanmu, zanenta duk jini, ta ce da ni: "Ɗan nan, kai ne ka yi boko mai zurfi a unguwar nan. Ina ake zuwa a kan irin wannan?"

Ina riƙe da takardar digiri wadda tawadarta ba ta gama bushewa ba, amma na rasa amsar da zan ba ta. Kunyar da na ji a daren nan ce ta sa na shiga bincike, abin da na tarar kuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami. Doka ta tanadar wa wanda dabba ta cuta hakki, shari'ar Musulunci ta riga ta tanadar masa, amma mun haɗu mun toshe hanyar da za ta kai shi ga hakkin, muka liƙa wa toshiyar suna mai daɗin faɗa: haƙuri.

Kafin gari ya waye gidan matar ya cika da 'yan jaje, kowa da fatawarsa. Wata tsohuwa ta ce a samo gashin karen a ƙona a barbaɗa a bakin ciwon. Samari suka ce a bar su da shi, su shiga da gora su aika karen lahira. Liman ya yi addu'a. Mai unguwa ya zo da kansa, ya zauna bisa tabarma, ya ce: "Baiwar Allah, abin da ya faru ya riga ya faru. Ƙaddara ta riga fata. Alhaji maƙwabcinki ne, kuma mutumin kirki ne, ga wannan ya ce a sayi magani." Ya miƙa mata 'yan kuɗi a ambulan. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe." A cikin mutum sama da ashirin da suka yi magana, ba wanda ya tambayi ko an taɓa yi wa karen allurar rigakafi, ba kuma wanda ya rubuta komai.

Ba ƙaramin abu ake wasa da shi a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar tana bin jijiya a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, wani lokaci bayan makonni, wani lokaci bayan watanni, kuma da zarar alamunta sun bayyana, irin su tsoron ruwa da ɗimuwa, kusan babu mai tashi. Duk da haka ana iya tare ta gaba ɗaya: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a garzaya a fara allura, a ci gaba da karɓarta a ranakun da likita ya ɗiba, a ƙara da wata allura ta musamman a bakin ciwon idan cizon ya yi zurfi. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara a Faransa da wannan dabara. Yaron lungunmu ma shekararsa tara, an fi ƙarni guda da rubu'i tsakaninsu, amma abin da aka fara ba uwarsa shawara a kai shi ne tokar gashi.

Alluran akwai su, kuɗinsu ne babu. Abin da ke cikin ambulan ɗin Alhaji bai wuce ɗinki da allurar farko ba. Sauran kuwa daga jarin ƙosai suka fito: wake ya koma rabin kwano, mai ya koma na bashi, sati biyu ba ta hura wuta ba saboda jinya. To, a nan nake son mai karatu ya tsaya ya yi lissafi tare da ni. Mutum ya sayi kare don ya tsare masa dukiya. Amfanin karen nasa ne shi kaɗai. Ranar da karen ya yi ɓarna, sai aka kwashi asarar aka ɗora wa wadda ba ta da abin da za a sata balle ta nemi mai gadi. Duk wanda ya ce mata ta yi haƙuri, ko ya sani ko bai sani ba, cewa ya yi ta taya Alhaji biyan kuɗin tsaron gidansa.

Me doka ta ce? Dokar da kotunanmu suka gada daga Ingila ta raba dabbobi gida biyu. Akwai na dawa, kamar zaki da kura, waɗanda duk mai ajiye su zai ɗauki alhakin ɓarnarsu ba tare da wani dogon bayani ba, abin da ya kamata masu wasa da kura a kasuwanni su sani. Akwai kuma na gida, kamar kare da doki da sa, waɗanda a kansu sai mai ƙara ya nuna cewa mai dabbar ya san tana da halin kai wa mutane hari. Saboda wannan sharaɗi ne masana doka suke yi wa ƙa'idar ba'a da cewa kowane kare yana da cizo ɗaya kyauta. A wata shari'a da aka yi a Legas a 1965, tsakanin Daryani da Njoku, abin da ya ba wanda aka ciza nasara shi ne shaidar cewa karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan, kuma an sanar da matar gidan. Kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne. Ingila da ta haifi ƙa'idar ta sake fasalinta da dokar dabbobi ta 1971, mu kuwa muna nan riƙe da tsohuwar. Akwai ƙofa ta biyu, wato ƙarar sakaci, inda za a nuna cewa mai hankali ba zai bar ƙaton kare a sake ba alhali ana buɗe ƙofa lokacin tashin ɗalibai. Akwai ta uku, kundin Finalkod da Arewa ke aiki da shi tun 1960, wanda ya mai da sakaci da dabba mai haɗari laifi, ya kuma ba alƙali ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne lokacin da na je wurin wani malamin zaure da tambayata, na tarar littattafan da ake karantawa a soronsa sun riga Turawa isa wurin da ɗaruruwan shekaru. Muhtasar na Shaihu Halil ya ɗora lamuni a kan wanda ya ajiye kare mai cizo bayan an riga an yi masa gargaɗi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗan makarantar ilimi ke haddacewa tun yana ƙarami, ta ɗora wa mahayi da mai ja da mai kora alhakin abin da dabbarsu ta taka, ta kuma ce ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare masu su ne za su biya. Tushen wannan yana cikin Muwaɗɗa, a hukuncin da aka yanke kan raƙumar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani, kuma Alƙur'ani kansa a Suratul Anbiya ya ba da labarin shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu kan tumakin da suka yi kiwon dare a gonar mutane. Annabawa biyu sun zauna sun yi shari'a a kan ɓarnar tumaki, ba a ji sun sallami mai gona da cewa ƙaddara ce ba. Masu kafa hujja da hadisin da ya ce ɓarnar dabba ba ta da diyya sun tsaya ne a rabin karatu, domin malamai sun bayyana cewa wannan yana kan dabbar da ta kuɓuce ba da sakacin kowa ba.

Sai a lura da inda hanyoyin biyu suka haɗu. Ta Turawa ta ce sai mai kare ya sani. Ta Malikiyya ta ce sai an yi masa gargaɗi. Duka biyun sun rataya ne a kan abu guda: shaidar abin da ya faru a baya. Wannan shaida kuwa ita ce ainihin abin da haƙurin dole yake binnewa. Da na fara tambaya a lungu, ba a yi kwana uku ba na gano cewa karen nan ya taɓa yage wa wani almajiri riga har ya ji masa ciwo a hannu, ya kuma taɓa kayar da wani mai garuwa. Kowa ya san da wannan, ba wanda ya rubuta, ba wanda ya kai gargaɗi gaban shaidu. Almajirin ya koma garinsu, mai garuwan ya canza unguwa. A idon doka ke nan, cizon da aka yi wa ɗan mai ƙosai shi ne na farko, alhali shi ne na uku. Mutanen kirkin da suka ba almajiri haƙuri bara, su ne suka raunana ƙarar wannan yaro bana, kuma masu ba uwarsa haƙuri yau suna raunana ƙarar yaron da bai ma san za a cije shi ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini shi a fuska. Za a ce maƙwabtaka ta fi kuɗi, wanda ka kai kotu ba ya sake zuwa sunan ɗanka. Za a ce yafiya halin manya ce. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai yafiya ta mai iko ce, wanda aka shimfiɗa masa hakkinsa a gabansa, ya gani, ya ƙirga, sannan ya ce ya bari don Allah. Matar da ke durƙushe gaban mai unguwa, wadda ba ta san tana da hakki ba, ba ta san inda ake nemansa ba, tana kuma tsoron kada gobe a tashe ta daga inda take kafa kaskonta, ba yafewa ta yi ba, sallamawa ta yi. Ban da haka, ciwon a jikin yaro yake, diyyar kuma dukiyarsa ce, kuma sananniyar ƙa'ida ce a fiƙihu cewa waliyyi ba ya kyautar da dukiyar ƙaramin yaro sai a kan abin da zai amfane shi. Da wane iko taron dattawa ya yafe abin da ba nasa ba? Maƙwabtakar ma da ake karewa, me ya sa kullum ta ɓangare ɗaya ake tunawa da ita? Ban ji wanda ya je ya ce da Alhaji, saboda hakkin maƙwabtaka, ɗaure karenka.

A ce ma ta ƙi haƙurin, ta ɗaura ɗamarar neman hakki. Ina za ta nufa? Na bi hanyar a madadinta da ƙafata. A wani ofishin 'yan sanda an karɓe ni da dariya, aka ce ai sai in kawo karen ya ba da jawabi. Wani lauya mai mutunci ya saurare ni tsaf, sannan ya gaya mini gaskiya: abin da zai caza kafin ya buɗe fayil ya fi duk abin da aka kashe a asibiti. Ƙa'idojin aikin lauya sun halatta masa ya yi aiki a biya shi daga abin da aka ci a ƙarar, amma wa zai yi shekara biyu yana zarya kotu a kan kason kuɗin allura? A Amurka, inda inshorar gida ke biyan irin wannan diyya, lauyoyi har allon talla suke kafawa suna neman wanda kare ya ciza. A nan ba inshora, don haka ba mai nemansa.

Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun daga 2024. Mai ƙosai ta cika wannan sharaɗi har da rara. Amma ofisoshin hukumar galibi a manyan birane suke, kuma nauyin dubban mutanen da ke tsare suna jiran shari'a ya isa ya cinye lokacin lauyoyinta. Akwai zaurukan ba da shawara kyauta na ɗaliban shari'a a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero. Kano tana da cibiyar sulhu ta babbar kotu tun 2009, ga Hisba da ke sasanta mutane kullum, ga kotunan shari'ar Musulunci inda mutum zai tsaya da kansa ya yi magana da Hausa ba tare da lauya ba, kuɗin shigar da ƙara kuma bai kai ya kawo ba. Ƙofofi kam akwai su. Abin da babu shi ne wanda zai nuna wa mai ciwo ko da guda ɗaya a ranar da yake bukata. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a sai da na yi sati uku kafin na haɗa wannan jeri. Ita kuwa tana da wake a jiƙe.

Akwai kuma wani mai laifi da ba a cika ambatonsa ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Muna da guda 774. Mai karɓar harajin ƙaramar hukuma bai taɓa kuskuren kaskon mai ƙosai ba ko da rana ɗaya, amma a unguwarmu ban taɓa ganin wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya nemi takardar rigakafin kare ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana nan tun 1924, tana kuma sarrafa allurar karnuka. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar ta daina yaɗuwa. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya, duk ranar 28 ga Satumba kuma ana taro ana raba riguna da huluna. Tsakanin taron da lungunmu akwai tafiyar da ba a fara ba.

Kada a ɗauka wannan magana ta kare ce kawai. Wanda ya raina shari'ar dabba bai san ƙasar nan ba. Akuyar da ta ci shanyar maƙwabciya, ragon layya da ya tunkuyi yaro, dokin angwanci da ya take mai talla a tsakiyar titi, duk ƙanana ne har ranar da aka tara su. Mafi girmansu kowa ya san shi: saniya ta shiga gona. A da ardo da dagaci sukan taka gonar, a ƙiyasta ɓarna, a biya, a watse. Da wannan hanya ta lalace, manomi ya ga ba a biyansa, makiyayi ya ga ana tatsarsa fiye da ƙima a hannun hukuma, kowa ya daina kai ƙara. Rikicin da ya cinye ƙauyuka a Zamfara da Katsina yana da saiwoyi da yawa, amma duk wanda ya saurari mutanen da abin ya shafa zai ji wannan a cikinsu. Samarin lungunmu da suka ɗauko gora su ma 'ya'yan wannan rashin hanya ne. Da an bar su sun kashe karen, da sun jawo wa kansu ƙara, sun kuma lalata hujja, domin kare mai rai ake killacewa a sa masa ido kwana goma a ga ko yana ɗauke da cutar.

Abin da nake nema bai kai gina sabuwar hukuma ba. Wanda kare ya ciza ƙofa biyu yake fara zuwa, asibiti da gidan mai unguwa, to a kai taimakon can. Kowane asibitin da ke ba da allurar ya riƙe takarda guda da Hausa, da boko da ajami, mai gaya wa majinyaci ya adana rasit, ya ɗauki hoton ciwon, ya riƙe sunayen shaidu biyu, ya nemi a nuna masa katin rigakafin karen, ga kuma kotu da ofishin agaji mafi kusa. Kowane mai unguwa ya riƙe littafi, duk ƙorafin da aka kawo kan dabba a rubuta rana da shaidu, a kai wa mai ita gargaɗi a rubuce. Shafi ɗaya na wannan littafi ya cika sharaɗin Shaihu Halil, ya cika na alƙalin babbar kotu. Lauyoyi masu hidimar ƙasa da ɗaliban shari'a su riƙa zama rana ɗaya a mako a sakatariyar ƙaramar hukuma. Sulhu kuma a ci gaba da yinsa, ni ma shi na fi so, amma a fara da lissafin abin da aka kashe da ranakun sana'ar da aka rasa, a karanta wa mai hakki a gaban kowa, sannan a tambaye shi abin da ya ga dama ya bari.

Uwar yaron ba ta kai ƙara ba. Na kawo mata duk abin da na tattara, ta saurara har na gama, ta ce: "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma ni a nan zan ci gaba da zama, kai kuwa gobe aiki zai ɗauke ka." Ban ga laifinta ba. Abu ɗaya ta yarda da shi. Na rubuta takarda mai layi bakwai, na faɗi ranar da abin ya faru da inda aka ciji yaron da cewa ana gargaɗin mai karen ya ɗaure shi. Ta dangwala yatsa, tela da mai shagon bakin layi suka sa hannu. Mai unguwa ya juya takardar sau biyu, ya ce, "Yaro, kana son haɗa ni faɗa da mutane." Na ce, "Ranka ya daɗe, ajiya kawai na kawo." Ya karɓa, ya aika da kwafi ɗaya gidan mai doguwar katanga, ɗaya yana cikin akwatin mai ƙosai tare da rasit biyar. Yaron ya warke, yana ɗan ɗingishi in ya yi gudu, kuma yanzu ta bayan masallaci yake zagayawa zuwa Islamiyya.